Famfon Ɗakin Umma

Akwai wani mutum a garin Chuncheon, sunansa Tae-gon, irin mutanen nan da ba a gaya musu. Da ya gyara gidansu na gado, da hannunsa ya haɗa bututun ruwan zafin da ke bi ta ƙarƙashin daɓe yana ɗumama ɗakuna. Famfo huɗu ne a kicin masu sakar wa ɗakuna ruwan, ya manna wa kowanne takarda: falo, ɗakinmu, ɗakin Umma, sito. Na sito ya murɗe ya rufe, tunda can ake ajiye kimchi, wato kabejin da ake tsumawa da yaji, da dankali, su kuwa sanyi suke so.

Sanyi na shigowa, sai sito ya ɗau zafi. Kimchi ya yi tsami tun kafin lokacinsa, dankali ya fara tsiro.

Matarsa Hye-ran ta ce, "Baban Ji-an, injiniyan gidanmu, famfonka a rufe amma dankali na gumi!"

Abin ya tsaya masa a rai. Ya fitar da iskar bututu, ya kwance famfon ya wanke, ya sake ɗaurewa tam. Sito dai na nan da ɗuminsa.

A kwanakin ne mahaifiyarsa ta ce masa, "Ɗana, daɓen nan nawa kamar da ɗan sanyi."

"Haba Umma, famfonki a buɗe yake har ƙarshe. Jinin tsufa ne kawai."

Ta yi dariya ta ce, "To, ka fi ni sani." Ba ta sake tayar da maganar ba. Ina za ta kushe aikin da ɗanta yake nuna wa baƙi?

Mu dai da muka taso, ɗa in ya shiga gaida tsohuwa da safe, sai ya durƙusa ya cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗarta ya ji ɗumin daɓe. Tae-gon daga bakin ƙofa yake gaisuwa, waya a kunne. Matarsa ma da silifas take shiga ta ajiye abinci ta wuce shago.

Da abin ya ishe shi ya kira Baba Pyo mai gyara. Tsohon ya dubi takardun ya ce, "Wa ya rubuta waɗannan?"

"Ni."

"To bari in zaga ɗakunan in taɓa ƙasa."

"Baba, sito na kira ka ka duba, ba ɗakin uwata ba."

"Yaro, ni takarda ba ta ɗumama min ƙafa."

Tae-gon ya ji haushi, ya sallame shi. Ya sayo sabon famfo ya sa, ya ƙara tamke shi.

A sanyin shekara ta biyu tari ya kama Umma, ya sauka ƙirji. Kwana tara a asibiti, ta cika.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara da ake yi a can, Tae-gon ya durƙusa a kicin ya rufe famfon da ya rubuta wa ɗakin Umma, tunda babu mai kwana. Washegari da hantsi Hye-ran ta fito daga sito, fuskarta ta canza.

"Baban Ji-an... sito ya yi sanyi."

Nan ya gane ashe ya musanya takardar sito da ta ɗakin Umma. Sannan ya je ya buɗe famfon da ya shekara biyu yana tamkewa, ya shiga ɗakin Umma ya ɗaga shimfiɗarta. Kwalaye ne jere a ƙasa, hawa uku, ta yanke su daidai tsawonta don tare sanyi.

Ya ture su ya ɗora tafin hannunsa a kan daɓe. Kamar ƙanƙara. Yana nan durƙushe har ɗumi ya fara ratsa hannunsa a hankali.

Ya ce, "Umma, ya yi ɗumi." Sai kuka ya ƙwace masa.

Darasi: In tsohonku ya ce yana jin sanyi, ba a takarda ake duba gaskiyarsa ba, durƙusawa ake a taɓa. Tsofaffi sau ɗaya suke faɗi, su yi shiru don kada su kunyata ku. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ya shiga ɗakinsu yau ɗin nan.