Fitilar da Ba Ta Yin Ja

An yi wani mutum a Gumel, ba zan kama sunansa ba, domin yana nan da ransa, ƙofar tuba kuma ba a rufe ta ba. Sana'arsa haɗa wutar sola, kuma ya iya, wannan kam ba mai musu. Daga Maigatari har Gagarawa, in ana son wuta a gida ko a rijiyar burtsatse, shi ake kira. Injiniya ake ce masa. Ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba, amma in an kira sai ya amsa har da gyara hula.

Wani bawan Allah ya yi sadaka, ya sayi faifan sola da sababbin batura da firij domin ɗakin shan magani na wani ƙauye a Sule Tankarkar. Ƙauyen manoman riɗi ne, kuma kun san yadda kububuwa ke son fakewa a ƙarƙashin riɗi in an yanke an jingine shi ya bushe. Maganin dafinta da ake kai musu na ruwa ne, dole ya zauna cikin sanyi dare da rana.

Aka damƙa wa mutumin nan aikin. Ya dubi sababbin baturan, Shaiɗan ya dubi zuciyarsa. Ya karkatar da su kasuwa, ya kawo tsofaffi da suka gaji, ya wanke, ya fesa musu fenti suna ƙyalli. Akwai 'yar fitila a jikin akwatin baturan, kore in lafiya, ja in batir ya mutu. Sai ya sauya mata waya yadda ba za ta taɓa yin ja ba.

Ya ce wa ma'aikaciyar wurin, Malama Sabuwa, "Malama, wannan fitilar kawai za ki riƙa dubawa. Muddin tana kore, ki kwantar da hankalinki."

Ya 'yan uwa, kun ga mugun wayo? In rana ta fito firij ya yi sanyi, in ta faɗi ya mutu, magani ya kwana cikin zafi. Kafin Malama ta buɗe da hantsi ya sake yin sanyi. Wata bakwai ana haka, ba wanda ya sani sai shi da Ubangijinsa. Wa zai kama shi?

A tsakanin nan ya aurar da 'yarsa Safinatu, ya sha biki ya manta. Dangin mijinta kuwa a ƙauyen nan suke noma. Da kaka ta yi, ta bi mijin kakkaɓar riɗi. Ta kai hannu za ta ɗaga dami, kububuwa ta sare ta.

Mijin ya buga wa Injiniya waya yana haki. "Baba, maciji ya sari Safinatu! Amma kada ka damu, akwai magani a firij ɗin da ka haɗa."

Maganar da aka yi don a kwantar masa da hankali, ita ce ta tayar masa da shi. Ya hau babur kamar mahaukaci. Ya isa ya tarar an yi mata allura biyu, ƙafa da hannu sun saki, jini na tsattsafowa daga dasashinta ya ƙi tsayawa. Aka nemo mota zuwa Gumel, amma kafin a ɗora ta rai ya yi halinsa.

Malama Sabuwa tana kuka ta ce, "Injiniya, na rasa gane wannan abu. Maganin nan bai taɓa barin firij ba. Ga fitilar ma, dube ta."

Ya duba. Tana nan kore shar.

A gaban jama'a ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, ba wanda ya tambaye shi. Yau ba mai kiransa aiki, matarsa ba ta iya haɗa ido da shi. In an kunna fitila sai ya juya wa bango fuska.

Ya 'yan uwa, ha'inci a sana'a cin amana ne, ko ba wanda ya gani. Kai mai haɗa waya, kai mai gini, kai mai gyaran birki, ka san wanda zai dogara da aikinka gobe? Ba ka sani ba. To yi shi kamar 'yarka ce za ta kwanta a ƙarƙashinsa.

Allah ya jiƙan Safinatu, ya karɓi tuban mahaifinta. Allah ya kiyaye mu da aikin da hannunmu zai yi, idonmu ya kasa kallo. Amin.