Hannun da Sidi Yake Ɗagawa

Akwai wani yaro a Arlit mai suna Illi, a zamanin da wutar garin ba ta ɗaukewa, motar kamfanin ma'adinai ke kwasar 'ya'yan ma'aikata zuwa lakwal, wato makaranta. Wanda ya ga Arlit ta lokacin ya san abin da nake kewa.

Illi baƙin yaro ne daga Gougaram. Kakanninsa bayi ne a gidan kakannin Sidi, wani farin yaro ɗan ajinsu. Bauta ta wuce, amma ranar da aka sa Illi lakwal uwarsa ta ja masa kunne: kada bakinsa ya riga na Sidi.

Sidi kuwa gwanin ƙwallo ne, karatu sai a hankali. Ba ya ɗaga hannu, don haka Illi ma ba ya buɗe baki. Malamarsu, Madam Salomi 'yar Maradi, ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Daga ƙarshe darektan lakwal ya ce Illi tare wa wani wuri kawai yake yi. In bai canza ba, ƙarshen shekara ya koma kiwo.

Sidi ya tsare shi a bayan aji har ya faɗi dalili. Sidi ya ce masa wannan tsohon zance ne, amma Illi ya ce ba zai saɓa wa uwarsa ba.

Washegari Madam ta yi tambaya, sai ga hannun Sidi a sama. Ya kwaɓa amsa, aji ya fashe da dariya. Ko a jikinsa. Ya juya wajen Illi ya ce, "To, na riga ka. Faɗi taka."

Haka suka yi har suka gama firamare. Sidi ya sha dariya, ya sha durƙuso, har aka laƙaba masa Sarkin Kuskure. Illi ya yi nisa a karatu, ya zama lauya a Yamai. Sidi ya shiga ramin ma'adinai a matsayin lebura.

Da aka rufe ramin da yake aiki, aka kira taron waɗanda aka sallama. Sidi ya miƙe zai roƙi a ci gaba da duba lafiyar tsofaffin leburori, sai wani mai babbar riga ya ce ya zauna, manya ke magana.

Aka miƙa wa lauyan da ya zo daga Yamai lasifika. Illi ne. Ya sauko daga kan dandamali, ya ratsa mutane, ya damƙa ta a hannun Sidi.

"Ni bakina ba ya riga na wannan mutumin," ya ce. "Tun muna yara haka muke."

Sidi ya yi magana, aka sa buƙatarsa cikin yarjejeniyar da aka yi da kamfani. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Darasi: Ba kowane yaro mai shiru a aji ne daƙiƙi ba, wani launin fatarsa da asalin gidansu ne suka ɗaure masa baki. In Allah ya sa ana sauraronka, buɗe wa wanda aka hana hanya, ko da za a yi maka dariya. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani.