Kayan Mihiranu Bamajushe

A zamanin da, a wata ƙasa ta yamma, an yi wani sarki da ya sa aka yi shela cewa duk Bamajushe, mai girmama wuta, ya bar ƙasarsa cikin kwana uku. Waziri Markiyanu ne ya tabbatar masa matsafa ne.

Cikinsu akwai wani tsoho, Mihiranu, wanda aka kamo a yaƙin gabas tun yana saurayi. Shekara arba'in ya yi yana karantar da 'ya'yan fada, har da shi Wazirin. Abin da ya koyar kuwa, Waziri ya tattara ya yi littafi da sunan kansa, ƙasa duka ta rungume shi. Shi ya sa tsohon ya tsone masa ido.

Matar Mihiranu ta bi ayarin farko. Shi ya dakata, ran kwana na uku ya je fada ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zan tafi. Alfarma guda nake roƙo, a bar ni in kwashe kayana."

Sarki ya rantse ko allura ba za a riƙe masa ba.

Mihiranu ya ce, "To, alƙalanka su daina tsorata mai shaidar zur da ranar awon ayyuka. Masu makoki su daina cewa za a tashi matattu. Kada uwa ta ƙara gaya wa ɗanta haske zai rinjayi duhu. Waɗannan su ne kayana. Da su na zo, a bakin kakana na ji su."

Waziri ya zabura. "Ƙarya yake! Duk suna cikin littafina!"

Sarki ya dubi babban malamin fada. Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tare da Waziri muka durƙusa gaban tsohon nan muka koye su."

Nan take aka tuɓe Waziri, aka kankare sunansa daga littafin, aka tura mahaya su dawo da korarru.

Gida sittin suka fita, gida tara suka komo. Matar Mihiranu ƙishirwa ta kashe ta a hanya.

Sarki ya sa aka kawo wa Mihiranu alkyabba. Tsohon ya dube ta, bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni jaki da wanda ya san inda aka binne ta."