Mantun Ummu Tahir da Fallen Kanti

Akwai wata mata a unguwar Aƙiƙ da ke Madina, wajen shekarar 2003, sunanta Hajiya Sabuwa, amma kowa Ummu Tahir yake ce mata. Kakanninta daga Katsina suka zo aikin Hajji suka zauna. Ita a Madina aka haife ta, Hausarta ma rabi Larabci ce.

Abin da aka san ta da shi mantu ne, wato fallen fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa, a ƙulle, a turara kamar dambu. Da hannunta take kwaɓa fulawar, ta murza ta har sai ana hango yatsa ta cikinta. Ta iya, ba ƙarya. Matsalar ita ce ta san ta iya.

A benen da ke kallon gidanta akwai Rakiya, 'yar Maraɗi, wadda ba ta daɗe da zuwa ba. Da safe tana aikin shara a wata makarantar 'yan mata, mijinta Issoufou kuma tela ne a unguwar Sultana.

Wata rana ana suna a layin, kowace mace ta kawo abin da ta dafa. Rakiya ta shigo da farantin mantu tana murna, don ranar ta fara gwadawa.

Ummu Tahir ta ɗauki guda ɗaya, ta juya shi, ta ce, "Wannan fallen sambusa ne na kanti, ko?"

"Shi ne, Hajiya. Ban iya murzawa ba, kuma lokaci..."

"Mace da hannunta biyu ta sayo kwaɓi a leda? Aib ne, 'yar nan." Ta mayar da shi cikin farantin.

Mata suka kwashe da dariya. Babu wadda ta ƙara miƙa hannu. Rakiya ta koma gida da farantinta kusan a cike, Issoufou ne ya cinye yana ba ta haƙuri.

Washegari da suka haɗu a ƙofar gida, Rakiya ta russuna ta ce, "Ina kwana, Hajiya?" Haka ta ci gaba da yi kullum.

Bayan wasu watanni, Tahir, babban ɗan Hajiya, ya ga wata yarinya mai suna Hanan. Danginta asalinsu mutanen Bukhara ne, kuma mantu abincin gidansu ne tun kaka da kakanni. An je tambayar aure, sai aka ce magana tana hannun kakar yarinyar, kuma tsohuwar ta ce sai ta zo ta ga gidan da idonta.

Ummu Tahir ta aika musu: "Ku zo ranar Alhamis, mantu zan yi muku da hannuna." Babu wanda bai ji wannan alƙawarin ba a unguwar.

Ranar Laraba da la'asar, tana goge kicin, santsi ya kwashe ta. Ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Aka yi mata ɗori a asibiti, aka dawo da ita hannu rataye a wuya.

Tahir ya ce mata da Larabci, kamar yadda ya saba, ta kwantar da hankalinta, zai sayo a gidan abinci a Sultana.

"Tsohuwar Bukhara za ka kai wa mantun kasuwa? Daga ƙamshi za ta gane!"

Ta kira ƙawayenta a waya. Wannan ta ce ba ta iya ba, waccan ta ce tana da baƙi. 'Yar'uwarta kuma tana Jidda. Hajiya ta zauna ta rasa abin da ke mata daɗi.

Da hantsi ranar Alhamis aka ƙwanƙwasa ƙofa. Rakiya ce, riƙe da leda a kowane hannu.

"Sannu da jiki, Hajiya. Na nemi izini a wajen aiki. Murji dai har yau ban iya ba. Amma ga abin da na iya, in kin yarda."

Hajiya ta leƙa ledar, ta ga fallayen kanti. Kunya ta rufe ta. Ta matsa gefe. "Shigo, 'yata."

Aka kafa wa Hajiya kujera a tsakiyar kicin, ta zama kwamanda.

"Ƙara albasa! Mantu albasa ce, nama rakiya yake yi."

"To, ai ga Rakiyar nan a tsaye," in ji Rakiya.

Hajiya ta tuntsure da dariya har sai da hannun ya motsa ta ce wash.

Rakiya ta yayyanka fallayen murabba'i, ta lulluɓe su da ɗanyen tsumma don kada su bushe. Hajiya kuma ta koya mata ƙulli da baki: a shafa ruwa a gefe, a haɗa kusurwa da kusurwa, a matse kunnuwan. Na farko ya fito kamar ƙunshin goro, na biyu ya fashe. Daga nan hannun Rakiya ya faɗa, suka riƙa jeruwa gwanin sha'awa. Aka shafa wa madambaci mai, aka ɗora. Ƙamshi ya cika gidan har bakin titi.

Bayan la'asar baƙi suka iso. Kakar Hanan 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ci ɗaya da kindirmo. Ta hango yajin da Rakiya ta ajiye a gefe, ta dangwala, ta yi atishawa, ta sake dangwalawa.

Sai ta dubi hannun Hajiya ta ce, "Ya Ummu Tahir, da wannan hannun kika yi?"

Rakiya tana kicin, kuma Hajiya ta san ko me ta faɗa, yarinyar ba za ta tona ba. Ta ɗaga murya: "Rakiya, fito!"

Rakiya ta fito tana goge hannu da gefen mayafi.

"Wannan ce ta yi, maƙwabciyata. Ban kira ta ba, ita ta zo. Fallen kuma na kanti ne. Na taɓa kunyata ta a kansa cikin mutane, yau ga shi ya rufa mini asiri."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Ni ma tun da kafaɗata ta fara ciwo na kanti nake saye! Jikokina har yau ba su gane ba."

Mahaifiyar Hanan ta zaro ido. "Ummi, da gaske?"

Falo ya kaure da dariya.

Da za su tafi, tsohuwar ta riƙe hannun Hajiya mai lafiya ta ce, "Gidan da maƙwabciya ke shigowa ba a kira ta ba, uwar gida kuma ba ta ɓoye ta a kicin, jikata za ta zauna lafiya a cikinsa. Ku turo iyaye maza a tsayar da magana. Yajin nan kuma a ƙulla mini."

Aka sha biki. Shekara na zagayowa Rakiya ta haihu, mahaifiyarta tana can Maraɗi ba halin zuwa. Ummu Tahir ce ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Duk wanda ya zo barka ya tambayi wace ce mai jegon, sai ta ce, "'Yata ce. Daga Maraɗi Allah Ya aiko mini ita."

Darasi: Kada ka raina ƙoƙarin wani don bai kai naka ba, domin ba ka san ranar da za ka buƙace shi ba. Idan kuma kai aka raina, kada hakan ya hana ka alheri, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan a yau.