Rijiyar Barmo da Mashigi Mai Cin Jirage

An ce wai a wani gari na bakin teku an yi wani alƙali, Malam Zubairu, wanda ba ya yanke hukunci sai zukata sun huce. A gaban garin akwai wani mashigi tsakanin duwatsu, ta nan jiragen fatake ke shiga da fita. Mashigin nan kuwa ya yi ƙaurin suna. Jirgi kan shiga da mutanensa da kayansa, shi ke nan, ko katako ba a ƙara gani. Mutane suka ce aikin 'yan ruwa ne.

Ana nan sai jirgin wani attajiri mai suna Barmo ya ɓace, da ɗansa na fari a ciki. Baƙin ciki kuwa in ya rasa masauki, kan marar gata yake faɗawa. Barmo ya sa aka kamo wani masunci, Tanimu, wai kullum yana ratsa mashigin da ɗan kwalekwalensa yana dawowa lafiya lau, ashe shi ke miƙa wa 'yan ruwa mutane. Gari ya ɗauka, aka ce a ɗaura masa dutse a jefa shi inda ya jefa 'ya'yan mutane. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe, ba mai saurare.

Alƙali bai musa wa kowa ba, nan gwanintar take. Cewa ya yi shi ma yana da ƙara, a fara jin tasa. Ya ja taron zuwa rijiyar da Barmo ya haƙa sadaka a ƙofar gidansa, ya nuna tsingaron tuluna jibge a bakinta. Ya ce ya zaga gari kaf bai ga inda tulu ke fashewa kamar nan ba, lalle rijiyar na da aljanu, kuma mai ita ya san da su. A kama Barmo.

Barmo ya zabura ya ce, "Allah gafarta malam, wannan ai zalunci ne. Duk matan gari a nan suke ɗibar ruwa, ga santsi, ga turereniya. Ina tulu zai fashe in ba inda ake kai shi ba?"

Alƙali ya ce, "Madalla, ka yanke hukuncin da bakinka. Jirage duka ta mashigin nan suke bi, ga duwatsu kwance ƙarƙashin ruwa, ga guguwar da ke tasowa ba sallama. Ina jirgi zai nutse in ba inda jirage ke bi ba? Kwalekwalen Tanimu kuwa ba shi da nauyin da zai kai cikinsa ga dutse."

Barmo ya ce ai tulu yakan bar tsingaro, shi kuwa ko hular ɗansa bai gani ba. Alƙali ya ji tausayinsa ƙwarai, ya sassauta murya ya ce guga ma in ya tsinke cikin rijiya sai da ƙugiya ake fito da shi. To wace ƙugiya ce za ta kai gindin teku, ga igiyar ruwa mai jan kome zuwa inda ido ba ya kaiwa?

Sai Barmo ya je ya kwance Tanimu da hannunsa, ya roƙe shi gafara, sannan ya durƙushe ya yi kukan ɗansa, wanda fushi ya hana shi yi tun ranar da labari ya zo.

Wanda ya nemi dalili kafin ya nemi mai laifi, ya tsira daga ɗaukar alhakin rai.