Rumbun da Ba a Shafa wa Makuba Ba

An yi wata Bushiya mai haƙuri, wadda sana'arta gini ce, duk wanda ya kira ta shi take yi wa aiki. Da bazara sai Gafiya, wadda ko ƙaiƙayi ba ta iya bayarwa, ta ce ta gina mata rumbu. Suka yi ciniki a gaban dattijo Kunkuru, mai gaskiya amma mai nawa: mudu goma na gero, a biya kafin ruwan shuka. Bushiya ba ta da iri a gida, da geron nan take so ta shuka gonarta.

Mako uku tana kwaɓa ƙasa har hannuwanta suka tsattsage. Rumbu ya tashi, Gafiya ta zuba hatsinta.

"Saura in shafa makuba, ita ke hana ruwa cin gini," in ji Bushiya. "Ki auna mini haƙƙina, gobe in ƙarasa."

"Wane haƙƙi?" in ji Gafiya. "Kin yi wa rumbu bakin da ɓarawo zai shiga har da rawaninsa. Makubar ma ado ce, riƙe abarki."

"Ai da jikinki kika gwada bakin."

"To, na rame tun lokacin. Fice mini daga gida."

Bushiya ta kai kuka wurin Kunkuru. Ya ce, "Na ji, 'yata, ga ni nan tafe." Amma tafiyar Kunkuru sai shi. Yana hanya ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da irinsa, Bushiya kuwa ta zauna bakin gonarta tana hawaye.

A ruwa na uku ginin ya jiƙe, rumbu ya rufta, yawancin hatsin ya tsiro cikin laka. Sai a lokacin Kunkuru ya iso, ya tarar da Gafiya tana birgima tana roƙon a kira mata magina.

"Auna tsohon haƙƙi tukuna," in ji Kunkuru.

Daga ɗan abin da ta tsira da shi Gafiya ta auna wa Bushiya mudu goma.

Bushiya ta ɗauki kayanta ta bi ta gona. Geron maƙwabta ya kai gwiwa, tata gonar kuwa ciyawa ce kawai. Zuciyarta ta karye. Sai ta ce, "Irin ya zo, shukar ta wuce."

Darasin wannan labari shi ne, mai tauye haƙƙin ma'aikaci kansa yake rusa wa gini, kuma haƙƙin da aka biya a makare ba ya mayar wa mai shi abin da ya riga ya rasa.