Gumaguman Surukin Sarki

An ce wai wani sarkin ƙasar tuddai, Mijinyawa, ya dubi masaniyar itatuwa ta fadarsa ya ce, "Malama Hajjo, mai laifi ɗaya nake nema, ɗaya tak."

Madugu Cindo na durƙushe a gabansa, kora daga ƙasar kawai yake jira. Shi ya shigo da gumagumai daga ƙetare, shekara ba ta kewayo ba kurmin fayin, itatuwan nan masu ganye kamar allura da ke tare wa garin iska, ya yi jawur ya bushe a tsaye.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, uku na samu. Ƙwaro ya fito daga gungumen ya ci ɓawon itacenmu. A jikinsa akwai tsutsar da ido ba ya gani, ita ke shiga ta toshe hanyar ruwa. A jikin tsutsar kuma akwai ƙwayoyin cuta. A gwajina, in na wanke ta tas ɓarnarta kan ragu, in tana ɗauke da su itace ba ya daɗewa. Masana na ta gardama kan wanda ya fi laifi, ni dai na ga kowa goyo shi aka yi."

Sarki ya nuna madugu. "To ai ga wanda ya goyo su duka."

"Haka ne, amma shi ma a ƙofar gari ya tsaya. Al'adarmu ce a ɓare kowane gungume a turara shi kafin ya shiga. Wa ya goya shi ya tsallake ƙofa?"

Nan sarki ya tuna. Gumaguman kyautar surukinsa ce, don rufin ɗakin amaryar da yake so kamar ransa, kuma shi da bakinsa ya ce ɓare kyautar suruki cin fuska ne. Ya dubi furfurar madugu, ya gane dattijon ya san wannan sarai, ya gwammace a kore shi da ya kunyata sarkinsa a bainar jama'a. Rawani ya yi wa sarki nauyi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Can ya sauko daga gado, ya kama hannun dattijon.

"Tashi, Baba Cindo, ba inda za ka. A sauke rufin ɗakin amarya a ƙone, ni zan je in ba surukina haƙuri. Daga yau ba gungumen da zai shigo da ɓawonsa, ko da na sarki ne. Mai bin sawun cuta kada ya tsaya kan wanda ya ɗauko ta, sai ya kai ga wanda ya buɗe mata ƙofa."